Wanda Aka Zalunta Yana Da Izinin Zaluntar Wani?

Ya kai ɗan'uwa matashi! A 1937 marubucin Amurka John Steinbeck ya fitar da littafi kan leburori 'yan cin rani a gonakin Kalifoniya. A ciki akwai Crooks, baƙar fata mai kula da dawaki, wanda aka ware saboda launinsa. Da ya sami Lennie, mai raunin hankali, sai ya dinga razana shi wai abokinsa ba zai dawo ba.

To, kai fa? Maigida ya ci mutuncinka a kasuwa, ka dawo ka huce kan ƙanenka ko almajiri? Ka sani, zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka zaluntar wani. Ranar Ƙiyama kowa da hisabinsa. Allah Ya kiyashe mu, amin.