Shiru Gaban Allah, Da Kunnen Ɗan'uwa

(A karanta 1 Sama'ila 3:1-10 da Galatiyawa 6:1-5.)

Akwai wani abin baƙin ciki da ya kan faru cikin ikilisiyoyinmu, dukanmu kuwa mun san shi. Mutum ya kan shigo cikinmu da murna, a yi masa baftisma, ya yi shekara biyu ko uku yana zuwa sujada ba fashi. Sa'an nan sai a ga wurin zamansa ba kowa. Ran da labarinsa zai kai kunnen dattawa ya riga ya faɗi, abin da ya rage sai a kira shi a sa shi ƙarƙashin horo. Idan aka bi sawu, sau da yawa za a tarar ya yi watanni yana kokawa da wani abu cikin zuciyarsa, yana neman wanda zai gaya wa, bai samu ba. Mun yi masa wa'azi, mun karɓi baikonsa, amma ba wanda ya zauna ya ji shi. Ba mu kuma koya masa yadda zai zauna shiru gaban Allah ba, gama mu kanmu ba mu iya ba.

Ƙofar ikilisiya a buɗe ta ke ga kowa, haka Ubangiji ya so. A kan benci ɗaya akwai mai ilmi da wanda bai taɓa riƙe alli ba, akwai wanda aka haifa a gidan masu bi da wanda danginsa suka kore shi saboda bangaskiya, akwai kabilun da kakanninsu suka yaƙi juna. Tara su ba wuya. Kiwonsu ɗaya ɗaya, nan aikin ya ke. Domin wannan mu ke so mu duba waɗansu 'yan'uwanmu na dā, mutanen wannan nahiya tamu ta Afirka, mu ga yadda suka yi.

A ƙasar Masar, yamma da kogin Nilu, tsakanin Alƙahira da Iskandariya, akwai wani kwari cikin hamada wanda a ke kira Wadi Natrun, watau Kwarin Kanwa, gama tun zamanin Fir'auna can a ke ɗibar kanwa. Sunansa na dā Sikitis. Wajen shekara ta 330 wani mutum mai suna Makariyos, wanda dā sana'arsa jan raƙuma ce, ya tafi can ya zauna domin addu'a. Ya bi gurbin Antoniyos ne, wanda ya ji an karanta labarin saurayin nan mai dukiya cikin sujada, ya rabar da abin da ya mallaka ya shiga jeji, ya kuma rasu a 356 yana da shekara 105. Mutane suka yi ta bin Makariyos har kwarin ya cika. Kowa da ɗan ɗakinsa nesa da na ɗan'uwansa. Cikin mako yana zaune shi kaɗai, yana saƙar igiya da kwanduna da ganyen dabino domin ya sami na gurasa, bakinsa kuwa yana maimaita Zabura da ka. Asabar da Lahadi sai su taru, su yi sujada, su ci Jibin Ubangiji, su ci abinci tare.

Kada wani ya ce muna kiransa ya bar matarsa da gonarsa ya shiga daji. Waɗansu cikin mutanen nan sun wuce gona da iri wajen azumi da hana ido barci, mun kuwa sani ceto ta wurin alheri ne, wahalar da jiki ba ta saye shi. Amma sun riƙe abu biyu waɗanda muka sake.

Na fari shi ne shiru. Shirunsu ba zaman banza ba ne, ba kuwa neman wahayi ba. Su kan ɗauki aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki su yi ta bimbini a kanta, kamar saniya ta kwanta a inuwa tana tuƙa. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna cikinsu shekaru kafin ya tafi Marsel ta ƙasar Faransa wajen 415, ya rubuta cewa sun koya masa ya riƙe ayar fari ta Zabura 70, wadda ke roƙon Allah ya gaggauta taimako, ya riƙa juya ta cikin zuciya a wurin aiki, da kan hanya, da kan gado. Suna da wani misali kuma. Wani ya zuba ruwa cikin ƙwarya, ya ce wa baƙinsa su duba, ba su ga kome ba gama ruwan a gurɓace ya ke. Da aka jima ya kwanta, sai kowa ya ga fuskarsa a ciki. Duk wadda ta taɓa ɗebo ruwan rafi da damina ta zuba a randa ta san wannan. Zuciyar da ba ta kwanta ba, ba ta ganin laifinta, ba ta kuwa ganin alherin Allah.

Mu fa? Mu kan fara addu'a da magana, mu ƙare da magana, mu ce Amin mu tashi, kamar mutumin da ya kai kuka gaban sarki, ya gama faɗi ya juya ya fita tun sarki bai buɗe baki ba. Idan mai jagorar sujada ya yi shiru na minti ɗaya, sai mu fara waige-waige, muna tsammani lasifika ce ta lalace. Ba mu raina waƙa da ganga ba, Dawuda ma ya yi rawa. Amma sa'anda Iliya ya gudu zuwa Horeb da karyayyar zuciya, iska ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, Ubangiji kuwa ya jira sai da kome ya lafa kafin ya yi masa magana. Yesu kansa ya kan tashi tun da sauran duhu ya nemi wurin da ba kowa. Wanda ya ce shi ya fi ƙarfin wannan, bari ya sake tunani.

Muna jin wata uwa tana cewa, ina ni ina shiru, ga goyo, ga surfe, ga ɗiban ruwa? Cikin masu zuhudun Masar akwai mata, ɗayarsu kuwa Sinkilitika ce ta Iskandariya. Ta koyar cewa mutum yana iya zama kan dutse shi kaɗai zuciyarsa tana kasuwa, wani kuma yana tsakiyar taro zuciyarsa tana gaban Allah. Minti goma kafin gida ya farka, da aya ɗaya da za ki tafi da ita rijiya, ya isa a fara da shi. Mai waya a aljihu kuwa ya ajiye ta a wani ɗaki tukuna.

Amma shiru kaɗai yana da haɗari. Sa'anda ruwa ya kwanta, abin da mutum zai gani a ƙasan randa ba kullum ne ya ke da daɗin gani ba: tsohuwar ƙiyayya, sha'awar da ya yi tsammani ta mutu, shakka game da Allah kansa. Wani ya firgita ya fid da zuciya, wani kuma ya ɗauki tunanin kansa ya ce muryar Allah ce. Domin haka suka riƙe abu na biyu. Kowane sabon shiga yana da dattijon da zai riƙa zuwa wurinsa, a kan kira shi Abba, watau uba, mace kuwa Amma. Abin da ya ke kai masa shi ne tunaninsa, tun bai zama aiki ba. Sun gane mugun tunani kamar maciji ne cikin rami, yana da ƙarfi muddin yana ɓoye. Ku lura da bambancin: mu sai mutum ya faɗi mu ke kiransa, su kuwa tun yana tangaɗi ya ke da wurin zuwa.

To, su wane ne waɗannan iyaye? A nan ne labarin ya ke ba mu kunya. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Musa Baƙi. Bawa ne dā a gidan wani ma'aikacin hukuma, aka kore shi saboda sata, ya zama shugaban 'yan fashi. Da ya tuba ya zo Sikitis, tsohon halinsa bai sake shi nan da nan ba. Ya yi shekaru yana kai kukansa wurin wani dattijo mai suna Isidoros, shi kuwa bai gaji da shi ba. Da dare Musa ya kan zaga ɗakunan tsofaffi ya ɗauki tulunansu ya ɗebo musu ruwa daga nesa, ba su sani ba. A ƙarshe aka naɗa shi firist. Ba za mu ɓoye ba, an zage shi a gaban taro saboda launin fatarsa, waɗanda suka rubuta labarin suka ce wai gwada shi a ke yi. Ko da wane suna aka kira shi, abin kunya ne, jama'ar nan ma ba cikakku ba ne. Duk da haka wurin wannan tsohon ɗan fashi mutane su ke zuwa neman shawara.

A kwarin nan kuma akwai Arsaniyos, mutumin Rum, wanda ya koyar da 'ya'yan Sarki Tiyodosiyos a fada kafin ya bar kome wajen 394. Wata rana aka tarar da shi yana buɗe tunaninsa ga wani tsoho baƙauye ɗan Masar. Aka yi mamaki, aka tambaye shi yaya mai ilminsa zai nemi shawarar wannan. Ya amsa cewa ya san Latinanci da Helenanci, amma a makarantar da tsohon nan ya yi, shi ko baƙaƙe bai gama koya ba. Mu da muka je makarantar Littafi Mai Tsarki, wannan magana tamu ce. Takardar shaida tana ba mutum iznin hawa bagadi, amma ba ta ba shi kunne. A ikilisiyoyi da yawa wanda ya fi iya jin nauyin rai wata gwauruwa ce mai zama a bencin baya, wadda ta binne miji da 'ya'ya ba ta sake Ubangiji ba.

An kuma ba da labarin wani baƙo da ya ziyarci su biyun. Arsaniyos ya zauna shiru bai ce masa kome ba, Musa kuwa ya karɓe shi da fara'a da hira. Wani ya damu, ya roƙi Allah ya nuna masa wanda ya yi daidai. Sai aka nuna masa jirage biyu a kan kogi, Arsaniyos cikin ɗaya tare da Ruhun Allah suna tafiya shiru, Musa cikin ɗayan tare da mala'iku suna cin abin zaƙi. Ba mu gina koyarwa a kan mafarki ba, amma jama'ar da ta adana wannan labari ta san Allah ba ya bi da 'ya'yansa duka ta hanya ɗaya.

Ba kowane mai furfura ne ya isa a buɗe masa ciki ba, su kansu sun yi gargaɗi a kan wannan. Kasiyan ya ba da labarin wani saurayi da ya gaya wa wani tsoho yadda sha'awa ke damunsa. Tsohon ya rufe shi da faɗa, ya ce bai cancanci zama cikinsu ba. Saurayin ya fid da zuciya ya kama hanyar gari. A hanya ya gamu da Abba Afolos, wanda ya lura da fuskarsa, ya lallashe shi har ya faɗi abin da ya faru. Afolos ya gaya masa shi ma da tsufansa yana fama da irin wannan, ya roƙe shi ya koma ɗakinsa ya ƙara kwana ɗaya tak. Rai ɗaya ke nan, tsoho ɗaya ya kusa hallaka shi, wani ya komo da shi. Sau nawa muka zama tsoho na fari, muna tsammani kishin tsarki mu ke yi?

Wata rana wani ɗan'uwa ya yi laifi a Sikitis, aka kira taro, Musa ya ƙi zuwa. Da aka matsa masa ya taho da kwando mai huda cike da yashi a bayansa, waɗansu sun ce tulu ne mai yoyo. Aka tambaye shi ma'anarsa, ya ce zunubansa ne ke zuba a bayansa ba ya ganinsu, ga shi kuwa ya zo shari'ar wani. Taron ya watse, aka gafarta wa ɗan'uwan. Mu ma muna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Horo yana da wurinsa, manzo Bulus ya umurce shi, amma ya ce a yi shi da tawali'u, mai yi yana lura da kansa.

Wani zai ce, ashe ba matsakanci ɗaya mu ke da shi ba? Hakika, ɗaya ne, Yesu Almasihu. Mai ba da shawara ba ya gafarta zunubi, ba ya kuwa tsaya a madadin Allah. Ku dubi Eli. Sau uku yaron nan Sama'ila ya zo wurinsa da dare. Da Eli ya gane Ubangiji ne ke kira, bai ce zauna in faɗa maka nufin Allah ba. Ya koya masa yadda zai amsa, ya mai da shi wurin kwanciyarsa domin ya ji da kunnensa. Duk wanda ya ce sai ta bakinsa za ka ji Allah, ko ya nemi kuɗi, ko ya hana ka shawara da kowa sai shi, ka guje shi kome sunansa. Namiji ya ji namiji, mace ta ji mace. Abin da aka faɗa maka kuma kada ya fito cikin wa'azi, ko cikin roƙon addu'a, ko a kunnen matarka, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abu ɗaya ne ba a rufewa: idan ana cutar yaro, ko ran wani yana cikin haɗari, wajibi ne a kai maganar inda za a hana.

Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya, a zamansu na gaba, su tambayi junansu: wa mu ke da shi, namiji da mace, wanda sabon mai bi daga wata kabila zai iya zuwa wurinsa ba tsoro? Su tambayi fastonsu kuma, da ladabi, shi wurin wa ya ke zuwa.

A farkon ƙarni na 5 mahara daga hamada suka auka wa Sikitis. Musa, yana tsoho, ya ce wa almajiransa su gudu, amma shi ya ƙi tashi, ya kuma ƙi ɗaukar makami. Ya ce shi da ya yi zaman takobi, ya daɗe yana jiran wannan rana. 'Yan'uwa bakwai suka ƙi barinsa, aka kashe su tare, sai ɗaya da ya ɓuya ya tsira ya ba da labari. Daga baya aka sake gina wurin, har yau kuwa akwai gidajen zuhudu huɗu na Kibɗawa a Kwarin Kanwa.