Haƙƙin Wa Ke Cikin Kafso?

Akwai maganar da ake yawan ji a gaban kantar kemis: jikina ne, kuɗina ne, a ba ni Ampiclox guda huɗu. Da Panadol ake nema, da maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya wuce ƙa'ida hantarsa kaɗai zai illata. A kan maganin kashe bakteriya kuwa hujjar ba ta tsayawa, kuma dalilin yana cikin yadda maganin yake aiki.

Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su amoxicillin, suna hana bakteriya gina bangon da ke riƙe da jikinta, sai ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da wannan bango, shi ya sa maganin ke ƙyale su. Tetracycline, kafson nan mai ja da rawaya, yana tsayar da sashen da bakteriya take haɗa furotin, ciprofloxacin kuma ya hana ta kwafar ƙwayoyin gadonta. To amma a cikin miliyoyi ba a rasa 'yan tsiraru masu makami: wata tana fitar da sinadarin da ke yayyanka penisilin kafin ya taɓa ta, wata ta tofar da maganin waje, wata ta sauya fasalin wurin da zai kama. Idan magani ya share raunana, fili ya zama na masu taurin kai, ga shi bakteriya irin E. coli, in ta samu yanayi, tana rabuwa biyu cikin kamar minti 20. Suna ma miƙa wa juna makamin, har tsakanin jinsin da ba ɗaya ba. Daga hanjin mutum ɗaya sai hannu, sai masai, sai ruwan sha.

Ke nan wanda ya haɗiyi kafso saboda mura, cutar da ba bakteriya ke kawo ta ba, ya yi kiwon abin da ɗan maƙwabcinsa zai iya kwanciya a kansa. Malaman fiƙihu sun daɗe da hana mutum haƙa masai a filinsa inda zai gurɓata rijiyar maƙwabci, ko da filin halaliyarsa ne. A ganina hukuncin ɗaya ne. Kafson naka ne tunda ka biya, amma kaifinsa amanar jama'a ce, har da waɗanda ba a haifa ba.

Wani zai ce cuta da waraka duk ƙaddara ne, kuma bakteriya ta san kare kanta tun kafin a yi kemis. Rabin maganar ma kimiyya ta gaskata shi: a 2011 an ba da rahoton gano ƙwayoyin gadon bijire wa magani a daskararriyar ƙasar Yukon ta Kanada, masu shekara kusan 30,000. Sai dai samuwar abu daban, yawaita shi daban. Mu ne muke zaɓar masu makamin, muna ba su fili. Shi kansa Fleming ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai horar da ƙwayoyin cuta maimakon ya kashe su. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin sababin da hannunsa ya ƙulla ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: talakan da ɗansa ke zazzaɓi, ba kuɗin likita, ba na gwajin jini, ina zai nufa in ba kemis ba? Hana shi magani ma kisa ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Wato wannan talakan ne dai ke biya ta kowane ɓangare. Saboda haka alhakin ba a raba shi daidai. Ya fi hawa kan mai kemis da ya san kafso huɗu ba su isa ba ya ƙirga ya miƙa, da mai gonar kaji da ke zuba magani a ruwan lafiyayyun kaji don su yi saurin girma, da hukumar da ta bar asibitin karkara ba ɗakin gwajin da zai nuna wace ƙwaya ce da maganin da har yanzu yake cin ta.