Alƙalamin gado: gane shi da hukuncinsa

Alƙalami mai shan tawada da mamaci ya bari dukiya ce, kuma yana shiga cikin abin da za a raba kamar gona da shanu. A ƙasar Bagudo da Illo, kamar sauran wurare, yakan faru babban ɗa ya sa shi a aljihu da sunan tunawa da mahaifi. A fiƙihun Malikiyya girman shekaru ba ya ba da wannan dama. Sai an yi wa alƙalamin ƙima, sannan ya faɗa cikin rabon wani, ko sauran magada, har mata, su yafe da bakinsu.

Ƙima kuwa ba ta yiwuwa sai an san wane iri ne. Ana fara dubawa daga bakin marfi da maƙalin aljihu, inda kamfani ke buga suna. Parker 51, wanda ya fito a 1941, maƙalinsa siffar kibiya ne, bakin rubutunsa a lulluɓe, ɗan tsininsa kawai ake gani. Hero 616 na ƙasar Sin ya kwaikwaye shi sosai, amma kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba. Bakin rubutun da aka buga wa 14K ko 585 zinariya ce gauraye, kashi 585 cikin 1000. Alƙaluman Faransa irin su Waterman, waɗanda kan iya ƙetarowa daga Benin ta Lolo ko Tsamiya, sun fi ɗaukar 18K ko 750. In an ga "plaqué or" a marfi, ruwan zinariya ne kawai aka shafa. Maƙerin zinariya na iya rarrabewa da gwaji.

Tambaya mai nauyi ita ce ko ya halatta a yi rubutu da alƙalami mai zinariya. Hadisi ya haramta wa maza zinariya. Mukhtasar na Shehu Halil ya hana namiji amfani da abin da aka ƙawata da zinariya ko azurfa, ya keɓe Alƙur'ani, takobi, hancin dashe, ɗaurin haƙori da zoben azurfa. Babu alƙalami a cikinsu. Miƙa wa 'ya mace ma bai warware matsalar ba, domin abin da mazhabar ta sassauta mata shi ne abin sawa a jiki, alƙalami kuwa kayan aiki ne. Game da ƙoƙon da aka yi wa ruwan zinariya kawai, littafin ya kawo magana biyu, kuma a kan wannan saɓanin ake auna marfin da ke ƙyalli.

Saboda haka alƙalami mai bakin ƙarfe ba shi da wata takaddama, mai ruwan zinariya yana wurin saɓani, mai bakin zinariya kuma ya fi kusa da hani. Duk da haka ƙimarsa ba ta faɗi ba, don zinariyar dukiya ce mai halal. Ana iya cire bakin a auna shi a sayar bisa ƙa'idar cinikin zinariya, hannu da hannu, kuɗin ya shiga rabo, a sa wa gangar jikin bakin ƙarfe.