Kujerar Gaba: A Tafiya Ko A Dawowa?



Mas'alar da na zo da ita yau ba ta cikin littattafan fiƙihun da muka karanta. Na san wani zai ce Malam ya rasa abin rubutawa, mutane na fama da kuɗin mota shi yana zancen jirgi. Ku yi haƙuri ku bi ni. Ni ma da farko ƙaramar magana na ɗauke ta, sai da ta hana ni barci.

An gayyace ni wani taron ƙara wa juna sani a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya. Masu taron suka aiko da tikitin ikonomi, wato kujerun baya inda galibinmu muka saba zama. Hanyar zango huɗu ce: Abuja zuwa Doha, Doha zuwa Kuala Lumpur, sannan a juyo ta inda aka bi. Kowane zango awa bakwai ne ko sama da haka kaɗan. Ana saura mako guda, wani bawan Allah cikin masu sallah a bayana, ɗan kasuwar Kwari mai yawan zuwa Chaina, ya tare ni bayan Isha'i ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da makin nan da kamfanin jirgi ke tara wa mai yawan tafiya, kuma ya kusa ƙonewa. Zai isa a mayar da kai fas-kilas, amma a zango ɗaya tak. Ka zaɓa, gobe ka faɗa mini."

Ga wanda bai taɓa shiga jirgin dogon zango ba, labule ne ya raba duniya biyu a cikinsa. A gaban labule kujera tana miƙewa ta zama gado, a ba ka bargo da matashi, ka yi barci kamar a ɗakinka. A bayan labule gwiwarka na gugar kujerar na gabanka, iskar jirgin a bushe kamar ta hunturu, ƙafa ta kumbura saboda dogon zama, barci kuwa na gyangyaɗi ne, wuya a karkace.

Maganar ba ta halal da haram ba ce, kada mu ɓata lokaci a nan. Kyauta ce, ban roƙa ba, ba kuɗin masallaci ba ne, ba haƙƙin maraya ba. Mu da muka tashi a kan mazhabar Imam Malik mun san an san shi da sa tufafi masu kyau da turare, kuma hakan bai rage masa komai ba. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: ga ni'ima guda ɗaya, ga wurare huɗu, ina zan ajiye ta, kuma saboda me?

Zuciyata ba ta yi wata-wata ba, ta ce zangon farko. Na tambaye ta dalili, ta ce don ka fara tafiya da ƙarfi. Na sake matsa mata, sai gaskiya ta fito: a Abuja ne za a kira 'yan gaba su fara shiga, a Abuja ne akwai waɗanda suka san fuskata. Ina jin haka sai kunya ta kama ni, zuciyar kuma ta yi wuf ta sauya riga. Ta ce ai kuwa kada ka kuskura a gan ka a gaba, wani zai ɗauki hoto ya sa a Facebook ya rubuta ga malaman da ke ce mana mu guji duniya. Ka zaɓi zango na uku, Kuala Lumpur zuwa Doha, inda da wuya ka haɗu da Bahaushe ko ɗaya. Ka ji daɗinka a ɓoye, ka sauka a Abuja daga kujerar baya kana ɗingishi, a ce Allah sarki Malam.

Wallahi na fi minti goma ina jin wannan shawara ta biyu kamar taƙawa ce. Daga baya na lura cewa ita da ta farko uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta farko tana so mutane su ga ina da gata, ta biyu tana so su ga ina da zuhudu, kuma duk idonsu a kan mutane yake. Fulailu ɗan Iyali, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan hijira, ya daɗe da faɗakar da mu cewa riya tana shigowa ta ƙofar barin abu kamar yadda take shigowa ta ƙofar aikata shi. Ta biyun ma ta fi haɗari ga irinmu masu tsayawa a mumbari, don ita ce ba a kama mai yin ta.

Zangon farko yana da wani aibun kuma, ko da babu mai kallo. Wanda ya fara da gado, sauran zanguna uku za su zame masa horo. Kujerar da jiya ya zauna a kanta bai ga laifinta ba, yau sai ta yi masa ƙunci, alhali kujerar ba ta canza ba, ma'auninsa ne ya canza. Na ga wannan a kaina. Lokacin da muke ɗalibai a Alƙahira, idan hutu ya zo muka samu jirgin dawowa gida, ko a kan buhu aka ce mu zauna godiya za mu yi. Yanzu ga ni ina auna faɗin kujera.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen hankali ita ce ta zango na biyu. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai. Idan ana kiran Asuba a can, mu nan ko sha biyun dare ba ta yi ba. Masana barci kuma sun ce tafiya gabas ta fi ta yamma wahalar da jiki, domin agogon jikin ɗan Adam ya fi yarda a tsawaita masa yini a kan a gajarta masa. To ga mutanen da suka kashe kuɗinsu suka ɗauko ni daga wata nahiya don in gabatar da maƙala. Idan na tsaya a gabansu kai na juyawa, ina karanta layi ɗaya sau biyu, na ci amanarsu. Duk ɗan kasuwar da ya san tafiya zai ce maka ka ajiye hutu a gaban aiki. Na kusa ɗaukar waya in ce wa Alhaji zango na biyu, a wuce wajen.

Akwai kuma masu cewa na ƙarshe, kuma suna da bincike a hannunsu. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya yi wani gwaji da abokan aikinsa da aka buga a 1993. Aka sa mutane su tsoma hannu cikin ruwan sanyi mai maki 14 na tsawon daƙiƙa 60. A wani zagayen kuma aka sa su yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 a kai, amma a cikin ƙarin ana ɗan ɗumama ruwan zuwa maki 15. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita musu, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon. Sun zaɓi ƙarin wahala don kawai ƙarshenta ya ɗan yi sauƙi. Abin da ya fitar shi ne cewa idan mutum yana tuna wani abu, ba tsawonsa yake lissafawa ba, inda ya fi zafi da inda ya ƙare ne suke tsaya masa a rai. Kakanninmu ba su tsoma hannu a ruwa ba amma sun ce bayan wuya sai daɗi. A kan wannan, idan na ajiye gadon a ƙarshe, zan riƙa tuna tafiyar gaba ɗaya da alheri.

Wannan hujja ta burge ni amma ba ta gamsar da ni ba. Dabara ce ta lallashin tunani. Awa ashirin da ɗoriya da zan yi a takure suna nan, ba su ragu da minti ɗaya ba. Labarin da zan riƙa ba kaina ne kawai zai yi daɗi. Kuma idan ka duba, duk hujjojin nan, ban da ta masu taro, a kaina suke zagayawa: yaya za a gan ni, yaya zan ji, yaya zan tuna.

Da dare na kawo maganar gaban uwargida, a matsayin hira. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ka zaɓi duk wanda ya yi maka. Mu dai mun san idan ka dawo, kwana biyu ba a magana a gidan nan." Ba da fushi ta faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ta ƙara da cewa kwanaki ta tarar da 'yarmu mai shekara biyar ta jera 'yan tsanarta a tsakar gida, ta ɗora yatsa a baki tana ce musu, "Ku yi shiru, Abba ya dawo daga tafiya."

Jama'a, a wajen yarinyar nan, ma'anar dawowata ke nan. A miƙa tsaraba daga bakin ƙofa, a rufe ɗaki, a yi shiru.

Na zauna ina lissafi. A kowace tafiya, wa yake samun sakakkiyar fuskata? Mai masauki, shugaban taro, ɗalibin da ya tare ni a harabar otal da tambaya ta goma sha biyu, wanda ban taɓa gani ba kuma da wuya in sake gani. Duk gajiyar da nake ciki sai na nemo musu murmushi. Wa yake samun ragowar? Waɗanda suka yi mako suna ƙirga kwanaki. Kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin zaɓi ba, na ɗauka haka tafiya take. Ni da nake karantar da hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya kuma umarci matafiyi ya gaggauta komawa ga iyalinsa da zarar ya gama buƙatarsa. Kullum ina fassara gaggawar da saurin isowa, ban taɓa tambayar kaina wane irin mutum ne yake isowar ba. A cikin Muslim, Abdullahi ɗan Ja'afar ya ba da labarin yadda ake tarbar Annabi (SAW) da yaran gidansa idan ya dawo daga tafiya, da yadda aka taɓa kai shi gare shi ya ɗora shi a gabansa a kan abin hawa, aka kawo ɗaya daga 'ya'yan Faɗima ya ɗora shi a baya, suka shiga Madina su uku. Wannan fa bayan tafiyar kwanaki ce a cikin rana da ƙura, ba awa bakwai a cikin sanyin jirgi ba.

Sai mas'alar ta koma tsakanin haƙƙi biyu, na masu taro da na mutanen gida. A nan jadawali ne ya raba gardama. Na duba na ga ina da yini guda cur a otal kafin ranar maƙalata, wanda zan iya kashewa a barci ba wanda ya cutu. Mutanen gida ba su da irin wannan yinin, a bakin ƙofa suke tsaye. Da a ce daga filin jirgi za a wuce da ni zauren taro, da zango na biyu zan zaɓa ba tare da jin nauyi ba. Washegari na ce wa Alhaji Doha zuwa Abuja. Ya ce, "Malam, ai a nan ne mutanenmu suka fi yawa, za a gan ka." Na ce a gan ni ɗin.

Da ma a nan labarin ya ƙare da na fito da shi fes, amma ba a nan ya ƙare ba.

A Doha na shiga na zauna, an kawo mini ruwa da tawul mai ɗumi, 'yan baya suna wucewa ta gefenmu. Sai ga wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, ɗanta na riƙe da hannunta, tana taku ɗaya tana hutawa. Daga hirarsu na fahimci daga asibiti suke a Indiya. Suka wuce ni, labule ya rufe. Zuciyata ta ce tashi ka tambayi ma'aikatan jirgi ko za su yarda ku yi musaya. Wata muryar ta ce ai ka riga ka yi niyya, barcin nan ba naka ba ne, na yaranka ne. Ga shi kuma Alhaji kai ya ba, ba ka nemi izininsa ba. Ga shi ba lallai su yarda ba. Hujjoji suka yi ta zuwa a jere, kowacce da rawaninta, har jirgi ya tashi. Na miƙe kujera na yi barci awa biyar.

Har yau ban iya rantsuwa a kan wace murya ce ta yi magana a lokacin ba. Yana yiwuwa haƙƙin iyali ne da gaske. Yana yiwuwa kuma son rai ne ya ga na kore shi ta ƙofar nuna gata da ta nuna zuhudu, sai ya zagayo ya ari sunan 'ya'yana. Abin da na tabbata shi ne ban ko tambaya ba, kuma tambaya ba ta da tsada.

Na isa gida Kano da la'asar. Ban shiga ɗaki ba, tabarma na sa aka shimfiɗa a tsakar gida. Muka buɗe jaka tare, na saurari ƙarar wanda ya doki wani da wanda ya fasa kofi, aka biya mini haddar da aka ƙara. Can bayan Isha'i yarinyar ta matso ta leƙa fuskata ta ce, "Abba, yau ba za ka kwanta ba?" Na ce sai kin kwanta.

Dattijuwar kuwa na sake ganinta a wajen ɗaukar kaya a Abuja, ana tura ta a keken marasa lafiya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. Ta amsa da fara'a ta yi ta sa mini albarka, ba ta ma san akwai wata magana tsakanina da ita ba. Ban tambayi sunanta ba. Idan kun zo addu'a ku sa ta a ciki, Allah ya ba ta lafiya.