LEMON TSAMI DA GANYE BA SU MUSULUNTAR DA BARASA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a watan Afrilu, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, babu abin da rai ke marmari kamar abin sha mai sanyi. Matafiyin da ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari ba zai rasa kunun zaƙi da zoɓo da fura da nono ba, kuma da wuya a sami uwargidan da ba ta iya ƙamsasa jiƙonta da citta da kanumfari ba. Amma yanzu wayar hannu ta nuna wa samari wani haɗi dabam, wanda Turawa ke yi a gidajensu: a zuba barasar da su ke kira jin, a matse lemon tsami, a murza na'ana'a ko ɗoɗɗoya, a ƙara ƙanƙara da ruwan tonik. To, abin da galibinsa lemo ne da ganye, aka kuma sha shi a cikin ɗaki ba a dami kowa ba, shin hukuncinsa ɗaya ne da giyar mashaya?

Kafin hukunci sai an san abin da a ke yi wa hukuncin. Jin barasa ce da a ke yi da hatsi. A kan bar shi ya ruɓa, sa'an nan a dafa, a tara tururin ya koma ruwa mai ƙarfi, a ba shi ƙamshi da 'ya'yan wani itace mai suna junifa. Asalinta daga ƙasar Holan ne, Ingilishi suka karɓa. Su ne kuma suka haɗa ta da tonik a Indiya, domin su danne ɗacin kwinin da su ke sha saboda zazzaɓin cizon sauro. Sinadarin maye a cikinta ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Idan aka zuba awo ɗaya nata cikin awo uku na tonik da lemo, ƙarfin haɗin zai tsaya a kashi 10, watau ninki biyu na giyar kwalba, wadda ba ta cika wuce kashi 5 ba. Ashe lemon bai kashe barasar ba, ɓoye warinta ya yi domin ta ji daɗin wucewa a maƙogwaro.

Alƙur'ani mai girma ya haramta giya daki-daki. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana salla cikin maye, sa'an nan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yi umurni da nisantarta gaba ɗaya. Sa'ad da Abu Musal Ash'ari ya yi tambaya a kan abin shan mutanen Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na hatsi, kwatankwacin burkutun dawa, Manzon Allah bai tsaya ga abin da aka yi su da shi ba. Ya rataya haramcin ga sa maye. Risalar Ibn Abi Zaidil Ƙairawani, wadda a ke karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ta tabbatad da cewa duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saboda haka hujjar mai cewa ɗan kurɓi ne, bai kai ga tangaɗi ba, ta faɗi tun daga tushe.

Sai hujjar magani. A wasu tashoshin mota na ƙasar nan a kan sayad da jiƙon saiwoyi cikin barasa da sunan maganin basir ko ciwon baya, kuma yawaitar barasar 'yar leda ta sa hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana ta a 2024. Wannan hujja ba sabuwa ba ce. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaidu ya gaya wa Annabi don magani ya ke yin giya, aka amsa masa cewa ita kanta cuta ce. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi a kan waɗansu mutane da za su sha ta suna kiranta da wani suna. Ko an rina kura da baba, ba ta zama tunkiya.

Amma fa adalci ya wajaba ta ɗaya gefen, domin haramta halas laifi ne kamar halatta haram. Lemo da na'ana'a da zoɓo da tsamiya ni'imomin Allah ne, kuma wanda ya haɗa su da zuma da ƙanƙara ya shayad da baƙonsa, lada ya ke da shi. Tsami kaɗai ba maye ba ne, in ba haka ba da an hana nono. Inda a ke bukatar lura shi ne jiƙo mai zaƙi da aka bari ya daɗe. Ibn Abbas ya ruwaito cewa a kan jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar nan take ko a zubar. An kuma yi hani ga jiƙa dabino da zabibi tare, da barin jiƙo cikin gora ko tukunya mai shafen kwalta, domin ya kan juya da sauri mai shi bai sani ba. Daga baya an sassauta zancen mazubi, ko da ya ke Imamu Malik ya ci gaba da ƙin waɗannan biyun. Darasin uwargida shi ne, a zafin bazara kunu ko zoɓo ba ya jiran kwana uku. In ya fara kumfa yana huci, warinsa ya sake, a zubad da shi ya fi.

Saura zancen ɗaki. Gaskiya ne shari'a ta ba gida alfarma, aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asiran mutane. Ba a yarje wa maƙwabci leƙen katanga ko shinshina kofin ɗan'uwansa ba. Sai dai wannan kariya ce daga idon mutane, ba daga sanin Allah ba. Kuma cewa ba a dami kowa ba magana ce da ba ta tsayuwa, gama hankali amana ne, iyali na da haƙƙi a cikinsa, ɗa kuwa abin da ya ga hannun ubansa na yi shi ya ke koya. Mashaya tana da nisa da kunya, amma kwalbar da ta shigo ɗaki ta kawad da su duka biyu.

Masu jin ɗin da kansu sun ɗanɗana kuɗarsu. Ɓarnar da ta yi wa talakawan Landan ta sa majalisar Ingila ta kafa doka a 1751 domin rage sayad da ita. A kudancin Nijeriya kwalabenta sun taɓa zama kamar kuɗin ciniki, amma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana kai barasa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Gwamna Lugga kuma ya bi wannan a Arewa bayan 1900. Watau ƙyamar mutanen ƙasar ce ta yi mata katanga.

Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa har 1815, ƙanensa Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga. Gadon da suka bari shi ne auna abu da haƙiƙarsa, ba da sunansa ko adonsa ba. Wanda ya jarrabtu kuwa, ƙofar tuba a buɗe ta ke, kuma nasiha cikin sirri da taimakon likita sun fi masa amfani bisa ga tozarci. Allah ya kiyaye hankulan Musulmi, ya sa albarka cikin abin shansu, amin.