Ɗamarar Tumbi: Takunkumi ko Kamun Kai?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma tun muna yara ake cusa mana cewa mutumin kirki shi ne wanda ya iya bakinsa wajen magana da wajen ci. To, amma me za mu ce game da wanda ƙiba ta kai shi bakin kabari, ya yi iya yinsa ya kasa, sai ya miƙa kansa ga likita aka ɗaure masa tumbi domin ya rage ci? Shin kamun kai ya yi, ko kuwa sayen abin da ya kamata ya samu da guminsa ya yi? Wannan ita ce tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin warwarewa, ta hanyar duba yadda rayuwa da cin abinci suke kasancewa bayan tiyatar da za mu kira ɗamarar tumbi. Batun ba na wasa ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, wadda kan jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa.

Mece ce Ɗamarar Tumbi?

Wani zobe ne na silikon mai taushi da likita kan zagaye saman tumbi da shi, sai ya kasance an ware wata 'yar jaka daga sama wadda ba ta kai girman ƙwan kaza ba. Daga zoben akwai siririyar mesa da ta tafi zuwa wani ɗan ƙoƙo da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan ne likita kan tsira allura ya ƙara ruwan gishiri, zoben ya kumbura ya matse, ko kuma ya zuƙe ruwan ya sassauta. Ba a yanke komai daga tumbin, kuma ana iya cire zoben idan hali ya kama.

An ƙago irin wannan zobe mai matsewa da sassautawa a tsakiyar shekarun 1980, ta hannun Lubomyr Kuzmak a Amurka da kuma Dag Hallberg da Peter Forsell a Suwidin. A shekarar 1993 wani likita haifaffen Habasha, Mitiku Belachew, ya sanya shi a ƙasar Beljiyam ta hanyar ƙananan huda, ba tare da an farke ciki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. Ya zuwa 2011 kimanin kashi 35 cikin 100 na tiyatar rage ƙiba a Amurka irin wannan ce, amma kafin 2019 ta faɗo zuwa kusan kashi 1, saboda zoben kan zame, ko ya ci bangon tumbi, ko ƙibar ta dawo, har aka cire wa mutane da yawa nasu. Tiyatar yanke wani sashe na tumbi ce ta gaje shi, sannan daga 2021 allurai irin su Wegovy suka shigo fage. Duk da haka, akwai ɗimbin mutane da ke rayuwa da zoben har yau, kuma tambayar da muka yi ta bi masu allura kamar yadda ta bi masu zobe.

Koyon Ci Sabo

Wanda aka yi wa wannan aiki kan koma tamkar jinjiri a sha'anin abinci. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai zai sha, daga nan sai abin da aka niƙa ya yi laushi, kuma sai bayan kimanin mako shida zai fara taɓa abinci mai ƙarfi. Ko a lokacin ma da sharuɗɗa: loma ƙarama, tauna har sai ta narke, ajiye cokali tsakanin loma da loma, ɗaukar minti ashirin zuwa talatin a kan ɗan abin da bai cika ƙaramin faranti ba, da kuma raba lokacin ci da lokacin sha. Burodi mai laushi da shinkafa da nama mai tauri sukan maƙale a bakin zoben, mutum ya ji kamar an danne masa ƙirji da dutse, har sai ya dawo da abin da ya haɗiya.

Sai dai kuma akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi, domin a kansa dukkan muhawararmu ta rataya. Zoben nan yana tare abinci mai ƙarfi ne kawai. Lemon kwalba da cakulan da askirim da shayi mai kauri da madara da sukari duk sukan wuce sumul, ba tare da sun gamu da wani shamaki ba. Ke nan mai zobe yana iya cika kowace doka ta tauna, amma ya zauna yana kurɓar abin zaƙi daga safe har dare, ƙibarsa ta dawo daram. Likita ya ɗaure tumbi, amma hannunsa bai kai ga zuciya ba, kuma a can ne kwaɗayi yake da gida.

Ina Matsayin Hali?

Masu suka sukan ce wannan hanya ratse ce, wai mai zobe ba shi da bambanci da raƙumin da aka sanya wa takunkumi, wanda babu mai yaba masa don bai ci shukar mutane ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin lalle ba a kiran mutum mai haƙuri a kan abin da ba shi da ikon aikatawa. To, amma raƙumi ba shi ya nemi takunkumi ba, kuma da zarar an sanya masa, shi ke nan, babu sauran zaɓi a gare shi. Mai zobe kuwa shi ya kai kansa, sannan kamar yadda muka gani, zaɓi yana nan gabansa a kowace rana ta Allah.

Misalin da ya fi dacewa da shi yana cikin tsohon adabin Girkawa. A labarin da ake jingina wa Homa, jarumi Odisiyos ya san jirginsa zai wuce kusa da wasu halittu masu zaƙin murya da ke jan matuƙa zuwa halaka. Sai ya umarci mutanensa su toshe kunnuwansu da kakin zuma, shi kuma su ɗaure shi a jikin itacen jirgin. Ba mu taɓa jin an kira wannan jarumi rago ba. Abin da ake yaba masa shi ne ya san iyakar ƙarfinsa, ya yi tanadi tun hankalinsa na jikinsa saboda lokacin da hankalin zai gushe. Sanin rauni da yi masa shiri wani reshe ne na hikima.

Haka kuma Aristotal ya bambance tsakanin mutumin da sha'awarsa ta riga ta natsu, ba ya ma marmarin wuce gona da iri, da kuma wanda sha'awa ke jan sa amma yana turjewa. A ganinsa na farkon ya fi cika, sai dai kuma ya nuna cewa kyakkyawan hali ta hanyar sabo ake samunsa, wato maimaita aikin ƙwarai har ya zama jiki. Imam Gazali ma ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan karya sha'awar ciki da ta farji, inda ya yi nuni da bin abin sannu a hankali. Idan haka ne, zoben ba shi ne kamun kai ba, amma yana iya zama makarantar koyonsa, kamar yadda linzami ba shi ke horar da doki ba, alhali kuwa da wuya a hori doki babu shi.

Har ila yau, adalci ya wajabta mu faɗi cewa ba kowane rashin nasara ne laifin hali ba. Masana sun tabbatar cewa idan mutum ya rame ta hanyar rage ci, jikinsa kan ƙara sinadaran da ke tayar da yunwa, ya kuma rage ƙarfin da yake ƙonawa, tamkar dai jikin yana yaƙi da mai shi. Siririn da ke alfahari da cewa shi ba ya ci da yawa, mai yiwuwa bai taɓa jin irin yunwar da wancan ke kwana da ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Kunya da Haƙƙin Jama'a

Wannan zargi na ratse shi ke sa masu zobe ɓoye al'amarinsu. A 2008 jaridu suka fallasa cewa Fern Britton, mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Birtaniya, an sanya mata zoben ba ta faɗa ba, aka yi ta sukarta. Chris Christie kuwa, lokacin yana gwamnan jihar New Jersey a Amurka, an yi masa aikin a watan Fabrairun 2013, bai bayyana ba sai a watan Mayu. Ana iya cewa wanda jama'a ke koyi da shi bai kyautu ya bar su cikin zaton motsa jiki kaɗai ya ramar da shi ba. Amma wajibi ne mu tambayi kanmu dalilin da ya sa ba ma tuhumar mai tabarau ko mai shan maganin hawan jini da yaudara, sai mai neman taimako a kan ƙiba.

Idan muka juyo gida za mu ga nauyin ya ƙaru. Tuwo haɗiyarsa ake yi, ba a cika tauna shi ba, kuma a akushi guda ake taruwa, mai jinkiri ya tashi da yunwa. Baƙon da ya yi loma uku ya tsame hannu, cewa ake yi ya raina abincin gidan. Ga kuma naman layya da tsire da kilishi, waɗanda su ne ainihin abin da zoben ba ya shiri da su. Saboda haka mai zobe a cikinmu yaƙi biyu yake yi, ɗaya da zuciyarsa, ɗaya da karamcinmu. Karamcin da ke tilasta wa mutum abin da zai cutar da shi kuwa ya tashi daga karamci ya koma neman suna ga mai gida.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ɗamarar tumbi ba ta ɗauke wa mutum wahalar kamun kai, sauya mata fage kawai take yi, daga yawan abin da za a ci zuwa irin abin da za a zaɓa da yadda za a ci shi. Wanda ya ɗaura ta bai cancanci kirari don ya ɗaura ba, bai kuma cancanci gori ba. Abin da za a auna shi da shi shi ne yadda ya yi da damar da ya samu. Mu kuma abin da za a auna mu da shi shi ne ko za mu iya barin ɗan'uwanmu ya tsame hannu daga akushi ba tare da mun ɓata rai ko mun bi shi da tambaya ba. Da ma Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.