Kada Ka Yar da Dutsen Saboda Tsatsa

Karatu: 1 Sama'ila 16:1-13; 1 Yahaya 1:5-10

Akwai wani dutse da masana ke kira jiyod. Ana samunsa da yawa a Maroko da Barazil, da kuma jihar Ayowa ta Amurka, wadda ta zaɓe shi ya zama dutsen jiha a shekarar 1967. Daga waje dunƙulalle ne mai kaushi, ba abin sha'awa. Amma in ka ɗaga shi, sau da yawa za ka ji bai kai nauyin da ka zata ba, gama cikinsa rami ne. Ruwa ya yi shekaru aru-aru yana tsattsafowa cikin ramin, yana barin ma'adini kaɗan-kaɗan, har ƙanƙarar dutse mai kusurwa 6 ta tsiro a ciki. Taurinta ya isa ta karce gilashi.

Wani lokaci kuwa in an fasa shi, sai a tarar da cikin ya yi ja ko ruwan ƙasa, domin ruwa mai ɗauke da ƙarfe ya ratsa ta wurin ya bar tsatsa. Wanda bai sani ba sai ya yar. Gwani kuwa ya san tsatsar a bisa take, ƙanƙarar tana nan lafiya. Sabulu da goga ba sa fitar da ita. Sai an jiƙa dutsen cikin ruwan magani kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, sa'an nan haskensa ya fito.

Ko akwai zunubin da ya sa ka daina zuwa sujada, kana cewa ka riga ka lalace? Sama'ila ya dubi tsayin Eliyab, amma Ubangiji zuciya yake dubawa. Ya ga tsatsarka sarai, bai kuwa yar da kai ba. Ƙoƙarin kanka ba zai wanke ka ba. Ka furta zunubin a gabansa, jinin Yesu zai tsarkake ka. Ka kuma tsaya cikin Maganarsa kullum, gama gyaran hali yakan ɗauki lokaci.

Kai kuma da ka daina gai da ɗan'uwan da ya fāɗi, je ka neme shi a wannan mako.

Addu'a: Ya Uba, ka wanke ni, ka kuma ba ni haƙuri da 'yan'uwana. Cikin sunan Yesu, Amin.